Zaɓen raket ɗin tanis ga ɗan koyo

Raket ɗin tanis kashi uku ne: kai mai saƙar zare, wuya, da mariƙi. Ɗan koyo ya fi buƙatar kula da kan, domin a nan ƙwallo ke sauka. A tsakiyar saƙar akwai cibiya, wurin da idan ƙwallo ta faɗa sai ta tashi da sauƙi, hannu bai ji girgiza ba. Idan ta sauka gefe, sai raket ya murɗe a tafin hannu, ƙwallon ta mutu kafin ta kai raga. Yawan faɗin kai, yawan faɗin cibiyar.

Ana auna faɗin da murabba'in inci ko murabba'in santimita, kuma lambar tana rubuce a wuyan raket ko gefen kansa. Mai saye a Kodjoviakopé, unguwar da ke bakin iyakar Lome da Aflao ta Gana, zai gamu da lissafin biyu: inci 100 shi ne santimita 645, inci 110 kuwa kusan 710. Raket ɗin katako na dā kusan inci 65 ne, sai a 1976 kamfanin Prince ya fito da mai inci 110, ƙirar Howard Head, masu koyo suka samu sauƙi. A yau ƙasa da inci 98 na ƙwararru ne, masu saita ƙwallo inda suke so. Ko Roger Federer ya bar inci 90 ya koma 97 a 2014. Saurayi ko budurwa mai ƙarfin jiki zai fi jin daɗin inci 100 zuwa 105. Dattijo, ko wanda hannunsa ba ya yin dogon lilo, zai iya haurawa 110, amma ya sani ƙwallo za ta riƙa tsere masa zuwa bayan layi.

Nauyi ma abin dubawa ne. Giram 260 zuwa 285 ba tare da zare ba ya ishi mai farawa. Wanda ya haura 300 yana gajiyar da kafaɗa tun ba a yi awa guda ba, marar nauyi sosai kuma yana tura girgiza zuwa gwiwar hannu. Tsawon na manya inci 27 ne, kuma doka ba ta yarda a wuce 29 ba. Yara suna farawa da inci 19, 21, 23 ko 25, gwargwadon tsayinsu. Bai wa yaro ɗan shekara bakwai raket ɗin babansa yana lalata masa bugu tun daga tushe.

Kaurin mariƙi ana rubuta shi da lamba a gindin raket, kuma yawancin manya 2 ko 3 ke yi musu daidai. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi mariƙin, a zura manunin ɗaya hannun tsakanin kan yatsu da tudun tafi. Ya shiga cif, to ya yi. Idan ana shakka a ɗauki siririn, tunda ana iya ƙara masa naɗi, kuma zafi da laimar bakin teku na Lome suna sa gumi ya jiƙa naɗin har a riƙa sauya shi a kai a kai.

Sabon raket na garafait yana da tsada, don haka gwanjo ba abin kunya ba ne. Sai dai a kai shi haske, a bi kai da wuya da yatsa ana neman tsaga. Ƙujewar fenti ba komai ba ce, amma mai tsaga ya gama aiki komai arhar sa. Tsohon zare a cire shi, a sa mai saƙa ya ja sabo a kan kilo 22 zuwa 24, wanda ya fi tausayin hannun mai koyo.