Labarin Ƙidayar Kifi a Tafkin Kainji da Abin da Ta Koya wa Gari

A shekarar 1968 aka gama madatsar Kainji. Kogin Kwara ya kumbura ya zama tafki, ya cinye tsibirai da gonaki, har aka ta da mutum wajen 44,000 aka sake musu mazauni. Masunta suka yi ta zuwa daga nesa, cinikin kifi ya haɓaka a Yelwa ta ƙasar Yauri. Da tafiya ta yi tafiya kowa ya riƙa cewa kifi ya ragu, amma faɗar baki ba ta zama hujja gaban hukuma.

A 1993 Nijeriya da Jamus suka haɗa hannu da ma'aikatar binciken kifi ta New Bussa. Kowace shekara a ƙidaya masunta da jiragensu da tarunsu, masu rubutu kuma su tsaya a kwata, a auna abin da aka kamo. Masunta ne suka buɗe jiragensu, in da sun ƙi, da ba a sami ko layi guda ba. Lissafin ya nuna dala, watau taru mai ƙananan idanu da ake ja don warangi, tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su isa ba. Ƙarshen shekarun 1990 aka hana ta, da goyon bayan sarakuna.

To, gari ma yana bukatar irin wannan rubutu. Ruwa sau biyu yake zuwa Kainji: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa mai tasowa daga duwatsun Gini, wanda ba ya isowa sai lokacin ɗari. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun yi ɓarna a jihar Kebbi, ga shi kuwa mai neman fili da rani yake dubawa, sa'ad da gaɓa ta bushe.

Malami ya saba rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa, ɗan kasuwa bai rabu da littafin bashi ba. In aka kafa sanda mai alama a kwatar Yelwa, da ta Warra a Ngaski, da bakin kogi a Shanga, aka riƙa rubuta inda ruwa ya kai kowace Jumma'a, ko da ajami ne, nan da shekara goma mai yanka filaye zai san iyakar da gini zai tsaya.