Ajiyar da ba a leƙawa: kamfanonin intanet suna share akwatunan wasiƙa

Duk wanda ya taɓa kama akwati a gidan waya ya san ƙa'ida: in mutum ya daina biyan haya, sai a karɓe makulli a ba wani. To, akwatunan wasiƙa na intanet ma suna da irin tasu ƙa'ida, ko da yake kyauta ake buɗe su. Hayarsu ita ce mai akwati ya riƙa leƙawa.

A cikin watan Mayu na shekara ta 2023 ne kamfanin Google na ƙasar Amurka ya ba da sanarwa cewa duk asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba, yana iya share shi tare da abin da ke ciki: wasiƙun Gmail, hotuna, da takardun da aka ajiye a Drive. Ya tsai da watan Disamba na wannan shekara ya zama mafarin aikin. Dokar ta shafi asusun mutum na kansa ne, ban da na makarantu da ma'aikatu, kuma kamfanin ya yi alkawarin aika gargaɗi sau da yawa kafin ya share.

Hujjar da Google ya kawo ita ce tsaro. Asusun da aka yi watsi da shi, galibi tsohuwar kalmar sirri gare shi, kuma ba shi da makulli na biyu, watau lambar da ake turowa ta waya. Irin wannan kangon shi ne ɓarayi suka fi shiga, su riƙa zamba da sunan mai shi.

Ba Google ya fara ba. A shekara ta 2013 kamfanin Yahoo ya karɓe adireshin da aka yi wata 12 ba a shiga ba, ya raba wa sababbin mutane. Abin da ya biyo baya ya zama darasi, domin waɗansu daga cikinsu sun riƙa samun wasiƙun asirin mutanen da ba su sani ba. Shi Google ya ce adireshin da ya share ba ya sake ba kowa. Kamfanin Twitter kuwa, a watan Nuwamba na 2019 ya yi niyyar irin wannan shara, sai iyalan mamata suka yi ca, suna cewa rubutun ƴan uwansu zai ɓace, tilas ya dakata. A wajen WhatsApp wa'adin ya fi gajarta: kwana 120 ba a hau ba, ana iya share asusu.

A nan ne maganar take da nauyi. Wanda yake shekara 2 bai buɗe akwatinsa ba, sau da yawa ba sakaci ya hana shi ba: ko doguwar jinya, ko kurkuku, ko rasuwa. Akwai kuma masu yawa da mai sai da waya ne ya buɗe musu asusu a kasuwa, ba su san kalmar sirrin ba, alhali lambobin dangi da hotunan ƴaƴansu duk can suke. Gargaɗin kamfani kuwa yana zuwa ne a cikin akwatin da ba a buɗewa, ko a wani adireshin da shi ma an manta da shi.

Maganin ba shi da tsada. Karanta wasiƙa guda ko aika ta ya isa ya nuna cewa mai asusu yana nan. Tun 2013 Google ya tanadi hanyar da mutum zai naɗa amintacce wanda za a miƙa wa ajiyarsa in an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba; Facebook ya yi makamancin haka a 2015, Apple a 2021. Ya kamata magidanci ya rubuta adireshinsa da kalmar sirri, ya adana tare da takardun gida da na gona, hotuna masu daraja kuma a kwafe su a wani wuri ko a wanke su a takarda. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da mutum yake son jikokinsa su gani, kada ya bar shi a ɗakin wani kaɗai.