Talauci Da Mutuwar Ƙasa: Abin Lura Daga Jamhuriyar Nijar

A wannan mako muna so mu ja hankalin 'yan'uwa, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, zuwa ga halin da manoman Jamhuriyar Nijar suka shiga, domin iskar da ke kwashe ƙasar Maraɗi ba ta tsayawa a iyakar Jibiya.

A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5, a ta 2012 kuwa sun wuce miliyan 17, alhali mafi yawan ƙasar hamada ce, noma sai a gefen kudu. A da manomi yakan bar gona ta zama saura har ta huta. Da jama'a ta yi yawa sai hutun ya ƙare, jigawa ta gaji, gero ya ragu. Rumbu yakan ƙare tun kafin shuka ta yi kai, sai maigida ya ci bashin hatsi a kan zai biya da kaka. Kaka na yi ya biya lokacin da hatsi ba shi da daraja, da bazara kuma ya sayi irin hatsin nan da tsada. Da rani babu abin sayarwa sai kara da itace. Ya kwashe karan gonarsa, ya sare bishiya ya kai kasuwa, gona ta zauna tsirara, iska ta ɗebe ƙasar sama ta bar fako. Baɗi amfanin ya ƙara raguwa, bashin ya ƙaru. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974, da na 1984, sun tarar da mutane a wannan hali ne, shi ya sa ɓarnarsu ta yi muni.

Wasu sukan ce jahilcin talaka ne. Mu dai ba mu yarda ba. Babu manomin da bai san amfanin gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Amma dokar daji da Faransa ta kafa a 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma, aka kuwa ci gaba da wannan tsari bayan samun mulkin kai. Mutum ya raini bishiya a gonarsa, ya sare reshe ɗaya malamin daji ya ci shi tara. To, wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba? Sai manoma suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami.

A nan ya kamata ma'aikaci ya tsaya ya yi nazari. Shari'a ta san keɓe daji, watau hima. Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza, kuma Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda ya umurci mai tsaron hima, Hunayyu, da ya sassauta wa mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki, ya tsare garken Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne, attajiri idan dabbobinsa suka halaka yana da gonaki, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. Mu a yau mun juya abin: mai mota yakan fito da lodin gawayi lafiya lau, mai jaki shi ake tarewa.

A 1983 wani mutumin Ostireliya, Toni Rinaudo, ma'aikacin mishan a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba. Idan aka zaɓi tsiro kaɗan aka rage sauran, sai su tashi su zama bishiya, ba dashe ba ban ruwa. Ba Musulmi ba ne, amma gaskiya ba ta da ƙabila. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, har aka sake dokar daji a 2004, abin ya bazu a yankunan Maraɗi da Damagaram. A 2009 masu bincike sun kiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200.

Saura ku 'yan kasuwa. Malamai sun halatta cinikin salam, a biya kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya, da sharaɗin a san mudu da lokaci. Amma a ba da tiya ɗaya ta gero da damina a karɓi biyu da kaka, wannan riba ce tsantsa, babu saɓani. Ɓoye abinci kuma lokacin da jama'a ke cikin matsi, a jira tsada, shi ne ihtikari da aka hana. Mai rumbun da ya ranta wa manomi tiya ya karɓi tiya, ya yi masa jinkiri idan damina ta ƙi, ya hana shi ɗaukar gatari a ranin nan.