Shekara 20 a gadon asibiti: Wa ke da hurumin cewa a cire wa marar lafiya na'ura?

A ranar 20 ga watan Yulin 2025 aka yi wa Yarima Al-Waleed bin Khaled bin Talal sallar jana'iza a Masallacin Imam Turki bin Abdullah da ke Riyadh, kwana guda bayan rasuwarsa. Duniya ta fi saninsa da laƙabin "yarima mai barci". Yana ɗan shekara 15 ya yi haɗarin mota a Landan a 2005, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, aka mayar da shi asibiti a Riyadh, kuma bai sake dawowa hayyacinsa ba.

Shekara 20 cur mahaifinsa, Yarima Khaled bin Talal, ya ƙi yarda a cire na'urorin da ke taimaka wa ɗan nasa. Masu bibiyar shafukan sada zumunta za su tuna bidiyon da ya karaɗe wayoyi, inda aka ga yariman yana ɗaga yatsunsa. Miliyoyin mutane sun jinjina wa uban, kuma da wuya ka samu mai ɗa da zai ga laifinsa.

Sai dai a shekarar da yariman ya yi haɗari, wani iyali a Amurka na gaban kotu kan tambayar da gidan sarautar Saudiyya bai taɓa kaiwa gaban alƙali ba.

Ba kowace suma ba ce iri ɗaya

A bakinmu duk "doguwar suma" muke cewa, amma likitoci sun raba abin. Akwai suman da mutum ke kwance ido rufe, ba ya farkawa ko an tsikare shi, kuma yawanci ba ta wuce makonni kaɗan: ko ya farfaɗo, ko ya rasu, ko ya shiga wani mataki. Akwai mutuwar ƙwaƙwalwa, inda hatta tushenta da ke sarrafa numfashi ya daina aiki baki ɗaya. Shi wannan da zarar an kashe na'ura, numfashi ya tsaya.

Na ukun shi ne mai ɗaure kai. Mutum yana buɗe ido, yana barci yana tashi, galibi yana numfashi da kansa, har yakan yi murmushi ko nishi, amma babu wata alamar ya san kansa ko wanda ke tsaye a kansa. Likitoci biyu, Bryan Jennett da Fred Plum, ne suka ba wannan yanayi suna a 1972. Idan muka ce farkawar da babu hayyaci, ba mu yi nisa da ma'anar ba. Wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ce a 1994 cewa idan yanayin ya wuce wata 12 bayan buguwar kai, ko wata 3 bayan ƙwaƙwalwa ta rasa iska, to farfaɗowa ta yi matuƙar wuya.

Mai irin wannan hali zai iya yin shekaru matuƙar ana juya shi, ana tsaftace shi, ana zura masa abinci ta roba. A kan wannan robar ake yawan rikici.

Miji a gefe, iyaye a gefe

Terri Schiavo na da shekara 26 lokacin da zuciyarta ta tsaya a gidanta da ke jihar Florida a watan Fabrairun 1990. An ceto ranta, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta lalace. Bayan shekara takwas mijinta ya nemi kotu ta ba da izinin cire robar abincin, yana cewa ta taɓa faɗa masa ba ta son a riƙe ta a irin wannan hali. Iyayenta suka ce atabau, 'yarsu na gane su, kuma cire robar kisa ne.

Babu wata takarda da Terri ta bari, don haka shari'ar ta koma kan maganar wa za a gaskata. Sau biyu ana cire robar ana mayarwa. Da aka cire karo na uku a ranar 18 ga Maris ɗin 2005, Majalisar Dokokin Amurka ta yi zama na musamman ta zartar da doka domin ita kaɗai, Shugaba George W. Bush kuma ya taso daga Texas ya sa hannu cikin dare. Kotunan tarayya ba su sauya hukuncin ba. Ta rasu ranar 31 ga Maris, kwana 13 bayan cire robar. Binciken gawa ya nuna nauyin ƙwaƙwalwarta giram 615, kusan rabin abin da ya kamata.

Mutane da dama sun ɗauki wannan sakamako a matsayin hujjar cewa mijin ne ke da gaskiya. A ganina ya amsa tambayar likita ce kawai. Tambayar iyayen daban ce: shin abinci da ruwa magani ne da za a iya dakatarwa, ko haƙƙi ne na duk mai rai?

Kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani ta amsa tun a 1993, a shari'ar Tony Bland, matashin da turmutsutsun filin wasa na Hillsborough ya rutsa da shi a 1989. Ta ce ciyarwa ta roba aikin likita ne, kuma ana iya dakatar da ita idan ba ta amfanar marar lafiya. Fafaroma John Paul na Biyu ya faɗi akasin haka a 2004, inda ya ce ciyarwar kulawa ce ta wajibi.

A ɓangaren Musulunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta zauna a Amman a 1986, ta amince cewa ana iya cire na'urar numfashi idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya ba dawowa. A lura da kyau, wannan fatawa kan mutuwar ƙwaƙwalwa take. Wanda ke buɗe ido yana numfashi da kansa bai shiga cikinta ba, kuma malamai da yawa na ganin bai halatta a yanke masa abinci da ruwa ba, ko da an daina wasu magungunan da ba sa amfani.

Idan kuma yana ji fa?

A 2006 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen da abokan aikinsa a Cambridge suka sa wata matashiya 'yar shekara 23 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. An riga an ce ba ta cikin hayyacinta. Suka ce mata ta raya a ranta tana buga wasan tanis, sai ga sashen ƙwaƙwalwar da ke tsara motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya gwada marasa lafiya 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, aka samu 60 da ƙwaƙwalwarsu ke amsawa a ɓoye. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin huɗu.

Wannan ba ya nufin za su tashi su yi tafiya. Yawancin waɗanda suka daɗe a wannan hali ba sa dawowa, waɗanda suka dawo kuma da naƙasa mai tsanani. Akwai dai wata mata 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta yi haɗari a 1991, ta kira sunan ɗanta a wani asibiti a Jamus a 2018. Labarinta ya zagaye duniya ne saboda irinsa ba ya yawan faruwa.

A Najeriya kuwa, maganar kan ƙare tun kafin ta kai ga malami ko alƙali. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa, kuma gadajen sashen kulawa ta musamman ba su da yawa. An sayar da fili, an sayar da shanu, 'yan uwa sun yi karo-karo har sun gaji, sai a sa hannu a takarda a ɗauke marar lafiya zuwa gida. Ba wanda ke kiran wannan "yanke shawara", amma shi ne, kuma nauyin jinyar yakan faɗa kan uwa ko mata.

Dokar ƙasar ta haramta kashe marar lafiya da sunan tausayi. A ɗaya hannun, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, cewa baligi mai hankali na da 'yancin ƙin karɓar magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. Matar da aka yi shari'ar a kanta ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda addininta, kuma ta bar hakan a rubuce kafin ta rasu. Wanda haɗarin babur ya kwantar a hanyar Zariya bai bar komai a rubuce ba, kuma likitan da ke kansa zai juya ne ya tambayi wanda ya ga yana biyan kuɗi.