Layin Ban Ruwa da Yadda Kwamfuta ke Gano Karo

Da rani ya kama, manoman albasa da tafarnuwa a fadamun Rabah da Wurno, da masu shan ruwan madatsar Goronyo da aka gina a kan Gulbin Rima a 1984, sun san tambayar da ke tada jijiyar wuya: ruwan na waye yanzu? Inji ɗaya, mutane da yawa, kowa da lokacin da aka yanka masa. Sai ka tarar da mutum biyu a bakin inji, kowa na rantsuwa layinsa ne.

Masu rubuta manhajar kwamfuta na fama da irin wannan kullum, a jadawalin jarrabawa, da ɗakunan otal, da saukar jirage. Ƙa'idarsu gajera ce: lokuta biyu sun yi karo idan kowanne ya fara kafin ɗayan ya ƙare.

Wahalar tana wajen yawa. In ƙungiya na da manoma 1,000 aka ce a gwada kowa da kowa, gwaji 499,500 ke nan. Amma in aka jera sunayen bisa lokacin farawa, daga na asuba zuwa na yamma, bi ɗaya ya isa: gwaji 999, an san duk wanda ya shiga lokacin wani.

Sai dai akwai rami a nan, kuma ɗalibai da yawa na faɗawa. Ɗauki mutum uku: na farko daga ƙarfe 6 zuwa 12, na biyu 7 zuwa 8, na uku 9 zuwa 10. Mai gaggawa zai gwada na uku da na biyu, ya ga babu karo, ya wuce abinsa. Alhali na farko yana nan riƙe da inji har rana tsaka! Don haka manhaja mai kyau ba maƙwabcin layi take kallo ba. Tana riƙe lamba ɗaya a ka, wato ƙarshen da ya fi nisa cikin duk waɗanda ta wuce, ta auna kowane sabon suna da shi.

Saura bakin iyaka. Wanda ya gama ƙarfe 10 da wanda ya fara ƙarfe 10, sun yi karo? A 1982 masanin kwamfuta ɗan Holan, Edsger Dijkstra, ya ba da shawarar a ƙirga farkon iyaka a ciki, a bar ƙarshenta a waje. A wannan tsari, ƙarfe 10 na mai farawa ne. A ganina wannan ya fi adalci, don ba ya barin minti ɗaya mai ubangida biyu.

Sakatarorin ƙungiyoyin manoma, ba sai kun jira kwamfuta ba. Ku rubuta wa kowa farko da ƙarshe, ku jera bisa lokacin farawa, ku karanta wa jama'a kafin a tada inji.