Me ya sa a Ingila nas ke zuwa gidan kowane jariri, har na masu kuɗi?

Idan aka yi maka haihuwa a Ingila, tsakanin kwana 10 zuwa 14 wata ma'aikaciyar jinya za ta ƙwanƙwasa muku ƙofa. Ba wanda ya kira ta, jaririn ma lafiyarsa lau, kuma ba za ka biya ko sisi ba. Yadda ta zo gidanka haka za ta je gidan attajiri da na wanda ba shi da aikin yi. Nas ce ko ungozoma da ta riga ta ƙware, sannan ta ƙara karatu na musamman a kan lafiyar al'umma. Bari mu kira ta nas mai ziyarar gida.

Dokar Ingila ta tanadi ganawa biyar da dole a miƙa wa kowane iyali: ɗaya tun ana da ciki, daga mako na 28, sai wannan ta bayan haihuwa, sai a mako 6 zuwa 8, sai wajen shekara ɗaya, ta ƙarshe kuma idan yaro ya kai shekara biyu zuwa biyu da rabi. Tana duba nauyin jariri, ta kalli yadda yake kama nono, ta yi maganar riga-kafi da yadda ake kwantar da shi, ta rubuta komai a wani jan littafi da ake ba iyaye. A ganawar ƙarshe hankalinta ya fi karkata ga magana: kalmomi nawa yaron ke faɗi, yana gane abin da aka ce masa? Aikin ya daɗe, asalinsa wata ƙungiyar mata ce a Manchester da Salford da ta fara tura mata gida-gida a 1862 don koyar da tsafta.

To, ga tambayar da na san tana ranka. Kuɗin gwamnati ba ya isa, me zai hana a tsallake gidajen da ke cikin wadata a tafi kai tsaye wurin masu buƙata?

Bari mu yi lissafi da misali kawai. A ce akwai iyalai 1,000 a wani gari. Guda 100 an san suna cikin haɗari, talauci ne ko uwar yarinya ce ƙarama, kuma kashi 30 cikin ɗari nasu za su gamu da matsala. Iyali 30 ke nan. Sauran 900 haɗarinsu kaɗan ne, a ce kashi 5 cikin ɗari. Amma kashi 5 na 900 iyali 45 ne! Ka ga ke nan idan nas ta tsaya kan waɗanda aka yi wa alama, mafi yawan masu matsalar sun kuɓuce mata. Masanin yaɗuwar cututtuka Geoffrey Rose shi ne ya yi fice da wannan hujja: jama'a masu yawa da haɗarinsu ƙanƙane ne sukan samar da marasa lafiya fiye da 'yan tsirarun da haɗarinsu babba ne.

Ciwon damuwa na bayan haihuwa misali ne mai kyau. Yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, kuma ba ya duba albashi ko digiri. Mace tana iya zama a gida mai kyau, tana dariya da 'yan barka, alhali dare ya yi ba ta iya barci don fargaba. Babu takardar da za ta nuna maka ita tun kafin lokaci. Sai an zauna da ita an tambaye ta, kuma cikin ɗakinta ta fi sakin jiki ta faɗa a kan layin asibiti. Haka ma dukan mata a gida, wanda ake koya wa waɗannan ma'aikata su yi tambaya a kansa idan sun sami uwar ita kaɗai.

Akwai kuma batun kunya, wanda a ganina lissafi ba ya kama shi sosai. Idan gidajen da ake zargi kaɗai nas ke zuwa, maƙwabta na ganinta a ƙofarka sun san akwai magana, kai kuma sai ka ƙi buɗewa. Da yake kowa ake zuwa wa, zuwanta bai nuna komai ba. Saƙo ma ya fi saurin bazuwa: a 1991 aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Birtaniya, waɗannan ma'aikata na cikin masu kai shi gida-gida, kuma cikin 'yan shekaru mutuwar fuju'ar jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi.

Kar ka ɗauka kowa ana ba shi daidai wa daida. Ganawa biyar ɗin nan ita ce mafi ƙaranci. Inda nas ta ga alamar matsala sai ta ƙara zuwa, ko ta haɗa iyalin da likita ko mai gyaran magana. Rahoton Michael Marmot na 2010 a kan rashin daidaito a fannin lafiya wannan ya ba da shawara: a yi wa kowa, amma a ƙara ƙarfi gwargwadon buƙata.

Auna amfanin irin wannan tsari fa yana da wuya, domin idan kowa na samu, da wa za ka kwatanta? Wani abu da ya faru ya nuna hakan ta bayan gida. Akwai shirin da David Olds ya fara gwadawa a Elmira ta jihar New York a ƙarshen shekarun 1970, inda nas ke yawan ziyartar mata masu cikin fari da ke cikin talauci, kuma ya ba da sakamako mai kyau a Amurka. Da aka gwada shi a Ingila a kan 'yan mata fiye da 1,600, sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2016 bai nuna wani bambanci ba a manyan abubuwan da aka auna, irin su nauyin jariri da shan taba lokacin ciki. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka kawo shi ne, waɗanda ba a sa a shirin ba ma suna da ungozoma da nas mai ziyarar gida kyauta.

Matsalar yanzu ta ma'aikata ce. A watan Oktoban 2015 aka mayar da ɗawainiyar wannan aiki hannun ƙananan hukumomi, kasafinsu na lafiyar al'umma ya yi ta raguwa, kuma adadin waɗannan nas-nas a hukumar lafiya ta NHS ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa uku. A wasu yankunan nas guda na riƙe da ɗaruruwan yara, wasu ganawar kuma ta waya ake yi ko a tura ma'aikacin da bai kai ta horo ba. A takarda an cika ganawa biyar, amma ta waya ba za ta ga inda jaririn yake kwana ba, ba kuma za ta ga fuskar uwar ba lokacin da take cewa lafiya lau.