Yadda Ake Tashi Daga Kan Kwamfutar Nesa

'Yan'uwana ɗalibai, tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta, ɗakunan kwamfuta suka yawaita a Yola da Jimeta. Yawancinmu mun iya zama mu fara aiki, amma kaɗan ne suka iya tashi. Wannan shi ne abin da na ke so in bayyana.

A wasu ɗakunan za ku ga ɗan akwati maƙale a bayan allo, bai wuce tafin hannu ba. Wannan ɗan aike ne kurum. Aikinsa ya kai abin da ka danna, ya komo maka da hoto. Ainihin aikin kuwa yana can cikin uwar kwamfuta, wadda aka rarraba cikinta kamar ɗakunan gidan haya, kowane ɗaki yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Hanyar da ta ke haɗa su ana kiranta RDP, kamfanin Microsoft na Amurka ne ya fito da ita a 1998.

To, hanyoyin tashi uku ne.

Ta farko ita ce yanke hulɗa, watau Disconnect, ko danna alamar X a saman allo. Wannan kamar malami ne ya fita daga aji ya bar littattafansa a buɗe, fitila tana ci. Aikinka bai tsaya ba, yana nan yana cin ƙwaƙwalwar uwar kwamfuta. Yana da amfani in salla za ka yi ka dawo. Haka kuma in wuta ta ɗauke wa ɗan akwatin alhali uwar tana kan batir, rubutunka yana nan yadda ka bar shi. Amma in mutum talatin suka tashi haka, ajin da ya biyo baya zai tarar da na'ura tana jan ciki. Abin da ya fi wannan muni, inda ɗalibai su ke shiga da suna guda da kalmar sirri guda, na bayanka zai faɗa cikin takardunka, ko da tambayoyin jarrabawar da ka shirya wa yara ne.

Ta biyu ita ce fita sosai, watau Sign out. Nan ka tattara littattafai ke nan, ka share allo, ka ja ƙofa. Sai dai ka fara adana aikinka, domin duk abin da ba a adana ba ya tafi ke nan. In ka rasa wurin fita, danna Ctrl da Alt da End tare, zai bayyana.

Ta uku ita ce kashewa, watau Shut down. Wannan ba namu ba ne. Wanda ya yi haka ya kulle aji ya tafi da mabuɗi, sau da yawa ba mai iya shiga sai mai kula da ɗakin ya tashe ta.

Masu kula kuma ina roƙonsu su sa wa uwar kwamfuta ƙa'idar lokaci, yadda za ta fitar da wanda ya yanke hulɗa ya daɗe bai komo ba, su kuma sanar da mu tsawon lokacin.

Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara. In za ka dawo yanzu, yanke hulɗa. In ka gama, adana aikinka ka fita sosai. Allah ya sa mu amfana, amin.